Kawu ya ce gadata tokara ce

Hunturu ya sauka sosai a wannan Asabar, saboda haka da safe ƙaramin jirgin ƙasa na wasa da ke kan teburina ya ƙi motsi sai da na bi dogon gaba ɗaya da tsumma ina gogewa. Ta cikin ƙarafan nan biyu yake shan wutar batirin babur, kuma da zarar ƙura ta kwanta a kansu sai ya riƙa tafiya yana cijewa. Da ya tashi na bar wa Auta shi tana kewayawa da shi, ni kuma na koma kan ƙaramar gadar katakon da nake gina masa.

Aikin yana tafiya yadda nake so. Kowace ƙafa ta gadar tsinken tsire biyar ce a jere: na tsakiya a miƙe, na gefe kuma suna buɗewa ta ƙasa, da gungume ɗaya kwance a bisansu, wani a ƙarƙashinsu, sannan a gicciya wasu siraran a manne da gam. Na zana siffar a kan kwali domin ƙafafun su fito iri ɗaya. Wadda nake kwaikwayo ita ce gadar Kinsol ta tsibirin Bankuba a Kanada, wadda aka gama a 1920, mai tsayin mita 44 da tsawon kusan mita 188. A ma'aunin ƙananan jiragen wasa da ake kira HO, inda ake raba komai gida 87, tsayinta ya zama rabin mita, tsawonta kuwa ya haura mita 2, abin da teburina ba zai ɗauka ba, shi ya sa tsakiyarta kawai nake ginawa.

Bayan azahar Kawu ya zo duba Inna, ya leƙo ɗakin, ya daɗe a tsaye da hannuwansa a baya yana kallo. Can sai ya ce, "Ɗan nan, yaushe za ka fara gina gadar?"

Na ce, "Kawu, ai ita ce wannan kuke kallo."

Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai tokara ce, irin sandunan da magina ke cika ɗaki da su kafin rufin siminti ya bushe. Idan ya bushe sai a kwashe su a kai wani ginin."

Na yi dariya, na buɗe masa hotuna a waya, na nuna masa jirgi ɗauke da gumagumai yana ratsa irin wannan gada a saman kwazazzabo. Bai ko karɓi wayar ba. Ya tuna mini cewa tun kafin a yi wa Inna aure yake yaron mota, suna kwasar gyaɗa daga nan Maraɗi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina har tashar jirgin Kano, kuma ya ga nauyin kan jirgi da idonsa, don haka babu mai gamsar da shi cewa wanda ya ɗora wannan ƙarfe a kan itace ya yi niyyar abin ya daɗe. Da zai fita ya ƙara da cewa a ƙasar nan, in ba azarar giginya ba, babu itacen da gara za ta bari ya yi damina biyu a tsaye.

Tun daga lokacin maganar take cina, kuma dalilin shi ne Kawu bai taɓa karanta ko layi ɗaya a kan waɗannan gadoji ba, amma abin da ya faɗa shi ne tarihinsu. A ƙarni na 19, lokacin da kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka da Kanada suke rige-rigen shimfiɗa dogo, kuɗinsu yana ƙarewa kafin jirgi ya fara kawo ko sisi, ga kuma daji cike da dogayen itatuwa a gefen hanya. Gadar katako tana tashi da sauri, da araha, da hannun kafintoci, saboda haka sai a kafa ta jirgi ya fara wucewa yana tara kuɗi. Bayan wasu shekaru, kafin itacen ya ruɓe, sai a gina magudanar ruwa a ƙasan kwarin, a riƙa hawo da taragu cike da ƙasa da duwatsu ana juyewa daga sama har gadar ta nutse baki ɗaya. Akwai tudun dogo da yawa a can waɗanda har yau ƙafafun tsohuwar gada suke binne a cikinsu. Mafi girman misalin da na sani shi ne na babban tafkin gishiri na jihar Yuta ta Amurka, inda aka buɗe hanya a 1904 da gadar katako mai kusan kilomita 19, sannan a 1959 aka maye gurbinta da tudun ƙasa da dutse da aka gina kusa da ita.

Wadda ƙasa ba ta binne ba kuwa wuta ce ke jiranta. Kan jirgi na wancan zamani yana tafe yana zubar da garwashi, shi ya sa ake jera gangunan ruwa a gefen gadar, kuma duk da haka babbar gadar Portage ta jihar Niyok, wadda aka gina a 1852, ta ƙone ƙurmus a 1875, aka sake ta da ƙarfe a cikin shekarar.

Ina da abin da zan kare kaina da shi, sai dai bai zo mini ba sai bayan Kawu ya tafi. Gadar Goat Canyon da ke hamadar kudancin Kalifoniya, wadda aka gama a 1933, da gangan aka zaɓa mata katako, domin zafin rana da sanyin dare na wurin suna sa ƙarfe ya yi ta buɗewa yana tsukewa har ya gaji. Ita Kinsol ɗin ma ta ɗauki jirage har 1979, kuma bayan an gyara ta an sake buɗe ta a 2011, ko da yake masu tafiya a ƙafa da masu kekuna ne ke hawanta yanzu. Amma na san abin da zai ce idan na kai masa wannan: tokarar da aka manta ba a kwashe ba, ai ba ta daina zama tokara ba.

Abin da na kasa faɗa masa, domin ba magana ce da ake yi wa babba a tsaye a bakin ƙofa ba, shi ne ainihin abin da ya ja ni ga irin wannan gada. Ba ta ɓoye komai. Mutum zai iya bin nauyin da ido daga ƙafar jirgi zuwa dogo, daga dogo zuwa katakan da ke ƙarƙashinsa, daga nan zuwa gumaguman da ke miƙe tsakanin ƙafa da ƙafa, har ya sauka ta ginshiƙai ya shiga ƙasa. Ginshiƙan gefe sun buɗe ne saboda iska da girgizar jirgi, waɗanda aka gicciya kuma su ne ke hana jeren ya karkace. Babu sanda ɗaya da aka sa domin ado. Gadar siminti ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ƙarfen da ke riƙe da ita yana ciki, ba mai ganinsa, sai dai a yarda da wanda ya zuba.

Da yamma ta yi sai tunanin ya karkata wani wajen, raina kuma ya ɗan ɓaci. Dogo ya isa Kano tun 1911. Na Kwatano ya hauro arewa ya tsaya a Paraku a 1936, bai ƙara gaba ba. An shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a 2016, kuma har yanzu jirgi ba ya jigila a kai. Mu a nan tun watan Fabrairu na 2021, da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, muke zuba ido. Faɗin wannan layi milimita 1,435 ne, wanda idan aka raba shi gida 87 zai ba da milimita 16.5, daidai da faɗin dogon da ke kan teburina. Duk gadar da za a yi a kansa ta siminti da ƙarfe ce, kuma haka ya dace, domin mu da gulbi ya cinye wa tsohon gari a 1945 ba ma bukatar a gaya mana abin da ruwa ke yi. Zamanin gadar katako ya zo ya wuce ba tare da ya biyo ta nan ba.

Bayan isha'i na sake auna teburin, na yanke shawarar canja ƙarshen gadar na yamma. Zan binne ƙafafu uku na wannan ɓangare har rabinsu, in tsayar da tarago ɗaya a sama yana juye ƙasa, sauran kuma in bar su a fili da gangunan ruwansu, waɗanda zan yanka daga bututun biro. Yashin gulbi ya yi girma ga wannan ma'auni sai an tankaɗe shi, kuma Uwargida ta riga ta sanar da ni cewa rariyarta ba za ta shiga ɗakin nan ba, don haka gobe zan biya kasuwa in sayi tawa.