Kakan garinmu ashe mutum biyu ne

Har yau in na buɗe waya na ga wani ya sake turo hoton jadawalin salsalar garinmu, wanda ni na zana shi, sai na ji raina ya sosu. Layukansa a miƙe suke, sunaye a jere gwanin sha'awa, amma mutumin da ke can samansa, wanda aka ce shi ya sari garin, bai taɓa rayuwa yadda aka zana shi ba. Mutum biyu ne, kaka da jikansa takwaransa, aka cure su wuri ɗaya. Ba zan faɗi sunan ba, don zuri'arsu na nan, kuma maganar ba ta gama hucewa ba.

Abin da kowa ya sani game da binciken salsala ba sai na maimaita ba: ka fara da kanka ka yi sama, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryar mutum, ka riga mutuwa zuwa wurin waɗanda suka fi tsufa. Duk na yi, kuma ya tafi daidai. Dattawa uku na zauna da su, kowa a ƙofar gidansa, a ranaku daban, ba wanda ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Su ukun nan bakinsu ya zo ɗaya. Wane ya zo wurin yana daji, ya haƙa rijiyar farko, ya haifi 'ya'ya maza biyu waɗanda manyan gidaje biyu na garin suka fito daga tsatsonsu, ya rasu shekarar babbar annoba. Na dawo gida ina murna, na ce shaida uku ai ta isa a yanke hukunci. Na shigar a kwamfuta, na buga a babbar takarda, na ɗauki hotonta na tura wa 'yan'uwa a WhatsApp.

Lissafi ne ya fara tona maganar. Akwai wani gida a gefen gari da ba su cikin zuri'ar, baƙi ne tun asali. Su labarinsu shi ne kakansu ya zo ya iske mai sarar garin yana magidanci, shi ya yanka masa gona. Da na bi nasu jerin, sai na ga wanda annobar ta kashe a gidansu jikan wannan baƙon ne, kuma ya mutu yana da iyali. Annobar da ake nufi ita ce murar da ta game duniya a 1918 zuwa 1919, ta kashe miliyoyin mutane. Daga uba zuwa ɗa akan ƙiyasta kusan shekara 30, ta wajen maza ma yakan ɗara haka, tunda namiji yana iya haihuwa har tsufansa. Daga kaka zuwa jika hawa biyu ke nan, ka ƙara shekarun shi jikan a lokacin mutuwarsa, sai ka ga zuwan baƙon ya faɗa wajen tsakiyar ƙarni na 19, ko ma kafin nan. Wanda yake rabon gonaki a wancan lokaci, in ya kai 1918, ya haura ɗari. To amma dattawan nan uku sun ce ya mutu ya bar ɗa a goye.

Sai da na yi ta juya maganar ina nema mata mafita. Na ce ƙila gidan baƙin ne suka ƙara hawa ɗaya don su tsufar da zamansu a garin, abin da ake yi ne. Mutum in ya riga ya buga abu ya raba, kowace hujja da za ta cece shi daɗi take masa.

Wata tsohuwa ce ta warware min, kuma ba ita na je nema ba. Na je wurin ɗanta ban same shi ba, na zauna gaishe ta. Da ta ji abin da nake yi sai ta ce, «Wanne daga ciki kake nufi, ɗan nan? Mai rijiyar ko mai tsoron tauraruwa?» Na ce, «Iya, su biyu ne?» Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa. Ta ce mahaifiyarta ta ba ta labari, tana yarinya aka ga tauraruwa mai wutsiya, lokacin shi wannan yana sabon ango, ya shige ɗaki ya ƙi fitowa har aka riƙa tsokanarsa da abin. Ba a daɗe ba, kafin ita mahaifiyar ta yi aure, annoba ta zo ta ɗauke shi. Mai rijiyar kuwa, in ji ta, ko mahaifiyar tata ba ta riske shi ba, kakansa ne, sunansa aka sa masa.

A nan akwai wurin da mai bincike zai iya zamewa. Tauraruwar Halley ta bayyana a 1910, takan dawo bayan kusan shekara 76, don haka an gan ta a 1835, an kuma gan ta a 1986. A watan Janairun 1910 ɗin wata ma ta fito wadda ta fi ta haske, har da rana ana ganinta, amma tunda shekarar ɗaya ce ba ta ɓata lissafi. Wadda ke ɓata lissafi ita ce ta 1882, ita ma babba ce da aka gani da rana tsaka. Tsakaninta da ta 1910 shekara 28, hawa guda cur. Saboda haka in aka ce maka «shekarar tauraruwa», kada ka rubuta 1910 kai tsaye, tambayi wa yake raye, wa yake goye, me ya biyo baya. Ni abin da ya tsayar min da ita shi ne yarinyar da ta ga tauraruwar ba ta kai ga aure ba annoba ta zo. Shekara takwas ta dace da haka, shekara 36 ba ta dace ba.

Daga nan na koma na sake sauraron muryoyin dattawan uku, wannan karon a jere. Abin da kunnena ya tsallake a da ya fito fili. Ba labarin kaɗai suka haɗu a kai ba, har kalmomin iri ɗaya ne. Jerin sunayen da sauti ɗaya suke rera shi, a wuri ɗaya suke tsayawa su ja numfashi. Mutum uku da suka gaji labari daga kakanni uku ba sa yin haka, dole a sami wanda ya manta wani abu, wani ya ƙara, wani ya saɓa. Na koma wurin ɗayansu na yi masa tambayar da ya kamata ta zama ta farko: «Baba, wa ya faɗa maka wannan jerin?» Ya ce malaminsu ne a makarantar firamare, ya sa su haddace shi a aji. Sauran biyun ma ɗalibansa ne. Shaidata uku ta koma ɗaya.

Iyalan malamin, Allah ya saka musu, sun ajiye takardunsa a wani akwatin ƙarfe. A ciki na sami takardar da ya buga da tafireta, ta yi ja-ja don tsufa, gefenta ya ci tsatsar akwatin. A ƙarƙashinta kuma akwai ainihin abin da ya rubuta da fensir lokacin da yake tambayar tsofaffin zamaninsa. Sunan nan sau biyu ya fito a jerin, na farko a sama, na biyu bayan suna ɗaya. Ya ja layi ya soke na biyun, a gefe ya sa 'yar alama, ga dukkan alamu ya ɗauka tsohon da ke ba shi labari ne ya maimaita kansa. Da layin fensir ɗin nan ya shafe mutum guda, ya kuma mayar da wani mutum da jikansa wa da ƙane, tunda kowannensu «ɗan Wane» ake ce masa. Na daɗe riƙe da takardar nan hannuna na rawa, rabi murna rabi haushi.

Ba na zagin malamin. Ba don shi ba da rabin sunayen nan sun bi iska, kuma ya yi abin da da yawa ba sa yi, bai yar da rubutunsa na farko ba. Kuma ba garinmu kaɗai abin ya sama ba. Masanin tarihi David Henige ya yi littafi a 1974 kan yadda lissafin zamani ke rikicewa a tarihin baka, jerin sunaye ya taƙaita ko ya tsawaita, da yadda abin da aka rubuta ke komawa bakin mutane har a ɗauka gadon kaka ne. Wani masanin tarihin, Jan Vansina, shi ma ya nuna cewa mutane sukan riƙe labarin asali da na kwanan nan sosai, tsakiyar ce ke zubewa. Da na san wannan tun farko da na yi zargin daidaiton bakin dattawan nan maimakon in yi murna da shi.

Yanzu duk abin da aka faɗa min, ina rubuta abu uku a gefensa: wa ya faɗa, yaushe, shi kuma a ina ya ji. Na ukun shi ne mai tsada. Kuma na daina karanta wa mutum abin da wani ya ce don ya gaskata min, domin tsoho mai kunya zai ce «haka ne» don kada ya ƙaryata ɗan'uwansa, gobe kuma ya ba wani labarin a matsayin nasa. Na daina tambayar jeri ma gaba ɗaya a zaman farko. Jeri abin hadda ne. Na fi tambayar wa ya auri wa, gonar wa ke iyaka da ta wa, wa aka binne kusa da wa, wa ake tsokana da me. A irin waɗannan ne mata suka fi maza nesa ba kusa ba, don su ke riƙe laƙabi da labarin aure da haihuwa, kuma su ba a sa su haddar takardar kowa ba. Jadawalina na farko babu sunan mace ko ɗaya a hawa huɗu na sama, ban ma lura ba.

Kusufin rana ma madogara ce mai kyau in ka dace. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da kundin kusufin rana na shekara dubu biyar, har zuwa shekara ta 3000, da taswirar inda kowanne ya bi, kyauta a intanet. Sai dai ka bambance: wanda rana ta ɗan dushe yana yawan faruwa, ba ya tsayar da shekara. Wanda gari ya yi duhu har taurari suka fito kuwa, a wuri ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru bai maimaitu ba, in tsoho ya ce an haifi wane a shekararsa, ka samu.

Takardun hukuma kuma kada ka ɗauke su kamar ba a kuskure a cikinsu. Tsofaffin rajistocin haraji da na ƙidaya cike suke da masu shekara 30, 40, 45, 50, saboda magatakarda duban fuska yake ya ƙiyasta, ko mai amsar ya faɗi lambar da ta fi sauƙi. Suna ɗaya kuma za ka gan shi da rubutu iri uku. Amfaninsu shi ne su nuna maka wane yana raye a shekara kaza, yana da gida. Wannan kaɗai ya isa ya raba takwarori.

Manhajar da nake aiki da ita Gramps ce, kyauta ce, tana barin ka liƙa wa kowace magana madogararta, kuma tana fitar da aikin a tsarin GEDCOM wanda sauran manhajojin salsala ke karantawa. Tana da wani sashe da ke nemo mutanen da take zaton an shigar sau biyu don a haɗe su. A ƙaramin gari wannan sashen tarko ne. A lissafi kowa yana da kakanni 1,024 a hawa na goma, garin kuwa bai taɓa tara mutane masu yawan haka ba a wancan zamani, don haka dole mutum ɗaya ya ɓullo maka ta ɓangarori da yawa, ka saba da cewa «ai shi ne dai». Wani lokacin shi ne, wani lokacin takwaransa ne. Abin da malamin ya yi da fensir, kwamfuta za ta yi maka shi da dannawa ɗaya. Ni yanzu ba na haɗe suna biyu sai matar aure ko uwa ko gona ta zo ɗaya, kuma shekarun sun yarda.

Gyaran ne ya fi binciken wuya. A tsohon jeri gidajen nan biyu daga wa da ƙane suka fito, kafaɗarsu ɗaya. A sabon kuwa ɗayan reshe ne na ɗayan. Dattijon gidan da abin ya shafa yana cikin ukun da na fara zama da su. Na kai masa hoton rubutun fensir ɗin, ya sa tabarau ya duba, ya miƙo min. Ya ce, «Wato malaminmu maƙaryaci ne, kai da aka haifa jiya kai ne mai gaskiya?» Na ce, «A'a Baba, ga hannunsa nan, shi da kansa ya rubuta sunan sau biyu.» Ya ce to shi da kansa kuma ya soke. Daga nan ya ɗauko jadawalina na farko, wanda jikansa ya buga masa ya sa a gilashi, ya ce ai ga shi ni ma haka na rubuta.

Ban da amsar wannan. Na tura gyararren jadawalin ga duk wanda na tura wa na farko, na rubuta kwanan wata a samansa da manyan baƙi, a ƙasa na jera wanda ya faɗi kowane suna da inda ya ji. Mutum kaɗan ne suka tura shi gaba, don cike yake da alamar tambaya da layuka masu ɗigo-ɗigo, ba shi da kyan kallo kamar na da. Maganar dattijon ma na shigar da ita yadda ya faɗe ta, da sunan malaminsa a matsayin madogara. Yana amsa gaisuwata, amma ya hana ni ganin takardun gonar gidansu, waɗanda a da shi ya ce in zo in ɗauki hotonsu.