Bayahuden da Ba Mu Taɓa Gani Ba

A teburin mai shayin da muke zama da daddare a Agege, wani dattijo mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ya kunna mana saƙon murya da aka turo masa ta WhatsApp, inda ake cewa Yahudawa ne suka karya darajar naira. Da na tambaye shi ko ya taɓa ganin Bayahude ido da ido, sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ai ba sai ka ga iska kake sanin tana kaɗawa ba.”

Zargin da Baba ya saurara ya girme shi da ƙarni bakwai ko fiye. A yawancin ƙasashen Turai an hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a, coci kuma ta haramta wa Kiristoci ba da rance da ruwa, sai wannan sana'a ta faɗa hannun wasu daga cikinsu, sarakuna na tatsar ribar, talaka kuwa fuskar mai bin bashi kawai yake gani. Shi ya sa a 1190, bayan an kashe Yahudawan garin York a Ingila, masu tarzomar suka nemo takardun bashin suka ƙone. Da annoba ta mamaye Turai a 1348, aka ce su ne suka zuba guba a rijiyoyi. Sifen ta kore su a 1492, kuma wajajen wannan lokaci ne Shehu Al-Maghili ya tayar wa Yahudawan Tuwat, wani yanki a Aljeriya ta yau, kafin zuwansa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, don haka labarin bai tsaya a Turai ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ƙarya ke rayuwa bayan an tona asirinta. Littafin nan da aka buga a Rasha a 1903, wanda aka ce shirin dattawan Yahudawa ne na mallake duniya, jaridar Times ta Landan ta nuna na jabu ne tun 1921, amma 'yan Nazi suka ci gaba da yaɗa shi har aka hallaka Yahudawa miliyan 6. Dalili a ganina shi ne, bayanin tattalin arziki yana da wuyar haɗiya, sunan mai laifi kuwa nan take yake shiga kunne.

Fushin da muke yi kan abin da gwamnatin Isra'ila ke aikatawa a Gaza yana da hujja, sai dai akwai Yahudawa da ke zanga-zangar adawa da abin da take yi a titunan Amurka. Mu da ake kira “aboki” a Legas, da muka ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, mun san zafin a ɗora laifin mutum ɗaya a kan dangi duka.

Na faɗa wa Baba haka. Ya juya cokali a kofi, ya ce zai yi tunani, sannan ya tambayi mai shayi nawa ake sayar da dala yau.