Abin da hoton biki ya koya min, tunda dai zan ajiye kyamara

Toh jama'a, ƙarshen watan nan zan rufe situdiyo. Na samu wani aikin da ba ya cinye min Asabar da Lahadi, kuma gaskiya bayana ma ya gaji da tsayuwar yini guda da jaka a kafaɗa. Yaran da suka yi aiki da ni sun dame ni wai in rubuta musu abin da na koya a harkar nan. Ba zan tsaya kan yadda ake saita haske ko riƙe kyamara ba, wannan duk kun sani, YouTube ma ya fi ni iya bayani. Abin da nake so ya zauna muku shi ne a sana'ar nan duk wanda hotunan ke hannunsa shi ke da bakin magana, kai da ka danna kyamara idan ba ka da kofin hotunan a wajenka to duk abin da aka ce ka yi, ka yi shi kenan.

Lokacin da na buɗe ɗan wajena aiki ba ya zuwa sosai, sai nake karɓar aikin wani babban situdiyo idan biki ya yi musu yawa a rana ɗaya. Ogan wajen yana da doka: da katin memorinsa za ka ɗauka, kuma a daren za ka miƙa masa katin hannu da hannu, ba ka da izinin sa shi a kwamfutarka, wai kada ka sace masa kwastoma. Kyamarata a lokacin Canon 6D ce, wadda ta fito a 2012, kyamara mai kyau wallahi musamman a wajen da haske ya yi ƙaranci, amma ramin kati ɗaya tal gare ta. Wato abin da ya shiga katin nan shi ne kaɗai shaidar cewa na je wajen.

Ran nan ya ba ni sabon kati fil, an rubuta 128GB a jikinsa, ya tura ni wani biki ni kaɗai. Na yi aiki tun daga kwalliyar amarya har aka watse, ina duba bayan kyamara jefi-jefi komai lafiya lau. Na kai masa kati da daddare na tafi gida. Washegari da rana sai ga kira, ko sallama babu, "Kai, me ka yi min da aikin mutane?" Hotunan farkon yini ne kawai suka buɗe, sauran duk sunayen fayil ne a jere amma ka danna ba komai, wasu rabi hoto rabi toka-toka.

Na ce, "Oga, ranka ya daɗe, a ba ni katin in duba." Da ƙyar ya bari na zauna a kwamfutar ofis ɗinsa yana tsaye a kaina. Na fara da PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da suka ɓata, don shi idan goge hoto aka yi ko fomatin na gaggawa yawanci yana dawo da su, tunda fomatin ɗin jadawalin fayiloli yake sharewa, hotunan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Bai dawo da komai ba. Daga nan na fara zargin katin, na kwashe abin da ya tsira na sa masa H2testw, wata 'yar manhaja ce ta kyauta da ke cika kati taf sannan ta karanta ta ga nawa ne ya zauna da gaske. Katin jabu ne. Abin da ke cikinsa na gaskiya bai wuce 8GB ba, an dai yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne take gaya wa kyamara cewa 128 ce. Ku lissafa da kanku, hoton RAW ɗaya na 6D, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ke ajiyewa kafin editin, yana kai 25MB ko kusa da haka, kenan hoto ɗari uku da 'yan kai ya cika katin, duk abin da ya biyo baya kyamara tana ta zubawa ne a inda babu wuri. Abin da ba a taɓa rubutawa ba kuwa babu manhajar da za ta dawo da shi, ko wa ka kai wa.

Na nuna masa sakamakon a allo, da jan rubutu ma. Ya kalla, ya ce min in tashi in ba shi waje.

Abin da ya gaya wa iyayen amarya shi ne yaron da ya ɗauko ne bai san aiki ba, ya goge hotuna da hannunsa, har da ba su lambata wai su ji daga bakina. Mahaifiyar amarya ta kira ni, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, kakarta ta zo bikin nan a keken guragu, ka san ba lallai ta ga wani ba." Na ce, "Mama, ki yi haƙuri," don me zan ce? In fara yi mata bayanin gigabait? Katin yana aljihunsa, sakamakon gwajin yana kwamfutarsa, ni ba ni da ko hoton allon a waya. Kuɗin aikina bai biya ni ba, na wasu ayyukan baya da nake binsa ma ya ce sun tafi a diyya. Kuma kun san yadda harkar take, biki ɗaya mutum nawa ne a ciki, kowa yana da ƙanwa ko 'yar uwa da za ta yi aure, sunana ya daɗe yana yawo a matsayin wanda ya goge hoton amarya. Abin da ya fi ƙona min rai, 'yan hotunan kwalliyar da suka tsira sun yi kyau, sai ga su a shafinsa na Instagram da tambarinsa a kai, mutane na ta yaba masa ido.

Har yau ban ce da gangan ya sayi jabun kati ba, araha ya bi kawai. Amma ya ga gaskiya da idonsa ya zaɓi ya jefa ni, wannan kam ban manta ba kuma ba na jin zan manta.

Tun daga nan tsarina ya canza. Kuɗin farko da na tara 5D Mark III na saya na hannu, ba don ta fi kyan hoto ba, don tana da ramin kati biyu, na kati irin CF da na SD, na saita ta tana rubuta kowane hoto a duka biyun lokaci guda. Da Canon ta fito da EOS R a 2018, Nikon ma ta fito da Z6 da Z7 duk da rami ɗaya, masu hoton biki suka yi ta surutu wasu na ganin rigima ce kawai, ni kam na san abin da suke ji, kuma ai a 2020 duka kamfanonin biyu sun dawo da rami biyu a R5, R6 da Z6 II. Duk sabon kati sai ya ci gwaji kafin ya je biki, ko daga hannun wa ya fito. Ba na kwanciya sai aikin ranar ya zama kofi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya kuma ba a cikin situdiyo yake kwana ba, saboda ɓarawo ko gobara ba sa tambaya wanne ne bakof. Ba na fomatin kati sai kwastoma ya karɓi aikinsa. Idan kuma wani ya ce in yi masa aiki da sharaɗin ba zan riƙe kofi ba, ya nemi wani, ko da kuwa ba ni da aiki a watan.

Ku sa sunanku a saitin kyamara, wajen haƙƙin mallaka, yana shiga cikin bayanan kowane fayil tare da lambar kyamarar. Instagram yana cire waɗannan bayanan idan an ɗora, shi ya sa asalin RAW ɗin da ke hannunka shi ne hujjarka.

Sauran kuma ƙanana ne. A rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: awa nawa, hoto nawa, yaushe za a bayar, wa ke da ikon ɗorawa a intanet. Ba a kama rana sai da kafin alƙalami, ciko kuma kafin a miƙa hotuna, don da zarar sun shiga wayar amarya kai ne za ka koma mai roƙo. Dangi da abokai su ne suka fi wahalar biya, a yi musu rasit kamar kowa.

Idan kana yanke farashi ka tuna yinin biki shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, zaman tacewa da editin a manhajar Lightroom ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, kuma kyamara tana tsufa da kowane danni, 6D an ƙiyasta mata kusan danni 100,000, 5D Mark III kuma 150,000, wata rana sai ka canza.

Farin kayan amarya yana ruɗar ma'aunin hasken kyamara ta dusashe fuska, ka auna da fuskar. Hoton dangi a jere kar ka yi shi a f/1.8, wato ka buɗe ƙofar gilashin kyamara sosai, don son baya ya narke, layin baya duk za su fita a dishi-dishi, ka rufe zuwa f/5.6 ko f/8. Hoton mutum ɗaya ka sa gilashin 85mm, ka ja baya, idan ka matso da gilashi mai faɗi hanci zai kumbura kuma kai za a zarga. WhatsApp yana matse hoto, ka tura a matsayin dokumen. Tsofaffin gida a fara ɗaukarsu kafin su gaji su tafi. Batir biyu ba su isa ba.

Yaran da suka bi ni aiki kuwa za su iya shaida, kowa da kofin abin da ya ɗauka yake tafiya gida, kuma idan na ɗora hotonsa sunansa na ƙasa. An taɓa samun wanda ya ɗauke min kwastoma ta haka, ban fasa ba. Shi kuwa ogan namu na ji yanzu har aji yake buɗewa yana koya wa matasa sana'a da riƙon amana, ina fata dai ya sa H2testw a cikin darussan.