Ranar da na rage wa jita kauri don a ji ta

Asabar, tsakiyar hunturu, Katsina.

Tun da na dawo daga sallar asuba ban koma barci ba, domin gobe muna da kiɗan biki a wani ɗakin taro da ke wajen Ƙofar Ƙaura, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan hau dandamali da fedar da na saya makonni uku da suka wuce ba alhali ban san hannunta ba. Feda ɗan akwati ne da ake haɗawa da jita a taka shi da ƙafa; wannan ta daidaita sauti ce, wadda mu makaɗa muke kira ikwalaiza, samfurin Boss EQ-200 da aka fitar a 2019. Tana da 'yan sanduna goma da ake turawa sama ko a ja ƙasa, kowace tana riƙe da zango guda na sauti, daga haz 30, wato kaɗawa sau 30 a daƙiƙa, can ƙasa inda amo ke da nauyi har zuwa kilohaz 12.8 (kilohaz ɗaya haz dubu ne) inda ya zama siriri kamar zare, kuma kowace sanda tana iya ƙara ko rage desibel 15, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan. Abin da ya sa na saye ta ba yawan sandunan ba ne, ajiyar ce: tana da gurabe huɗu da mutum zai adana saitin da ya yi, ya kira shi da ƙafa a tsakiyar waƙa ba tare da ya sunkuya ba.

Tsohuwar fedata mai sanduna bakwai ce, kwaikwayon GE-7 ɗin da ya fito a 1981, ba ta ma da suna a jikinta. Ta yi mini hidima shekara huɗu, amma ƙurar hunturu ta shige cikin ramukan sandunanta, har ya zama da zarar na taɓa ɗaya sai lasifika ta yi ƙara kamar ana soya ƙwai. Bayan haka kuma duk lokacin da na jefa ta cikin jaka na hau babur, kafin in isa wurin kiɗa sandunan sun goce, sai in zauna ina lalube ina tuna inda kowace take.

Na haɗa kayan a ɗakina da misalin ƙarfe bakwai, na yi ƙasa da murya sosai saboda Inna tana lazimi a ɗakin da ke jikin nawa. Abu na farko da na yi shi ne na ja sandar 30 da ta 60 ƙasa. Dalilin a fili yake: tsirkiya mafi kauri a jita, idan an ɗaure ta yadda aka saba, tana kaɗawa sau 82 ne a daƙiƙa, don haka duk abin da ke ƙasa da wannan ba kiɗana ba ne, bugun hannu ne a jikin katako da gurnanin wutar lantarki. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, jitata kuma irin ta Stratocaster ce mai fikof na naɗi ɗaya, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wanda ba ya bambanta motsin tsirkiya da gurnanin waya ko na fanka. Gurnanin ya ragu, amma bai mutu ba, saboda yana da 'ya'ya a 100 da 150, daidai inda tsirkiyoyina masu kauri suke zaune, kuma idan na bi su da yanka to kiɗan zan yanka. A nan na juya kujera har na sami kusurwar da ƙarar ta fi lafawa, na haƙura da sauran.

Daga nan na shiga abin da na fi jin daɗi. Na ɗaga 120 da 200 da kamar desibel 5, na danne 400 da 800, na ɗaga kilohaz 6.4 kaɗan, sai sandunan suka yi kwari a tsakiya kamar bakin mai murmushi. Sautin ya fito da kauri da sheƙi, ya cika ɗakin duk da muryar a ƙasa take, har na yi minti ashirin ina maimaita salon Abzinawa guda ɗaya, irin wanda muke ji daga Agadas, ina jin kamar na gama da duniya. Na adana shi a gurbi na ɗaya. A gurbi na biyu na sa na lokacin da jita ke yin gaba ita kaɗai, na ƙara masa ƙarfi. Gurbi na uku na ba shi sautin da na daɗe ina nema, wato kwaikwayon kuntigi: na zubar da duk abin da ke ƙasa da 400, na zubar da na sama da kilohaz 3.2, na ɗaga haz 800 da kilohaz 1.6, sannan na ɗora gefen tafin hannuna a gindin tsirkiya don amon ya mutu da wuri. Kuntigi gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, ba shi da cikin da zai riƙe kauri, shi ya sa sautinsa yake fitowa a matse ta hanci. Ban ce na kamo shi ba, amma wanda ke tsakar gida zai iya waigowa. Gurbi na huɗu na bar shi fanko don ban san abin da zan sa masa ba.

Bayan azahar muka haɗu a ɗakin taron don gwaji. Wuri ne mai tayil a ƙasa, bango siminti, rufin kwano da silin na roba, babu labule ko ɗaya, idan ka tafa hannu sai tafin ya je ya dawo maka. Wuta ba ta nan, janareta aka tayar. Mu shida ne: mawaƙinmu, 'yan amshi biyu, mai fiyano wanda shi ke riƙe da bes da hannun hagu, ni, sai Baba mai kalangu, wanda ya girme mu duka da fiye da shekara talatin kuma ya yi kiɗa a bukukuwan iyayen wasunmu.

Muka ɗauki waƙar farko, na taka gurbi na ɗaya cike da alfahari, sai na nemi jitata na rasa. Yatsuna suna aiki, ina ganin fitilar miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa, tana motsi, amma abin da ke fitowa daga lasifika wani ruri ne da ya cakuɗe da hannun hagun mai fiyano, sama da shi kuma wani tsinin ƙara mai soka kunne duk lokacin da na bugi siraran tsirkiyoyi. Na yi abin da kowane mai jita yake yi idan ya ruɗe, na ƙara murya. Nan take jar fitila ta kama a layina, makirufon mawaƙi ya yi kuka, kowa ya toshe kunne.

Baba ya sauke kalangu daga hammata, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan akwatin naka wurin zama yake nema ko faɗa?"

Na ce, "Baba, a gida lafiya lau yake."

Ya ce, "A gida kai kaɗai ne. Nan akwai mutane."

Daga nan ya matse kalangun ya buga sau uku, ƙasa, tsakiya, sama, ya ce in saurari inda muryarsa take tsayawa, in kauce mata. Ban ji daɗin maganar a gaban yara ba, amma da na saurara sai na gane cewa kaurin da na ƙara a 120 da 200 ya zauna ne daidai kan kalangu da bes, tsakiyar da na danne kuwa, 400 da 800, ita ce kaɗai filin da babu kowa a cikinsa, kuma ita ce na share da hannuna. Kalangu magana yake yi, hawa da saukar muryarsa su ne kalmominsa, idan wani ya zauna masa a kai to kirarin da yake yi wa uwar amarya ba zai isa kunnenta ba.

Akwai kuma laifin kunnena, wanda na san labarinsa a takarda amma ban taɓa jin zafinsa ba sai yau. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunnen ɗan Adam yake ji, suka nuna cewa idan murya tana ƙasa kunne ba ya kama kauri sosai, kuma inda ya fi kaifin ji shi ne wajen kilohaz 3 zuwa 4. Saitin da na yi da safe na yi shi ne da muryar da ba za ta katse wa Inna lazimi ba, don haka na yi ta ƙara kauri ina cike gibin da kunnena ne ya haƙa shi. Da aka ɗaga murya zuwa ta biki sai gibin ya cike da kansa, abin da na ƙara ya zama lodi. Sannan ƙarin desibel 6 ninka ƙarfin siginar ne sau biyu, ni kuwa na ɗaga sanduna uku ban rage babbar sandar fita ba, ga shi na sake ƙara murya a kai, ina kuwa miksa za ta ɗauka.

Na roƙi a ba ni minti goma, amma na ce kada su daina kiɗa, domin na fahimci gyaran da aka yi cikin shiru shi ya jawo wannan. Na mayar da kowace sanda tsakiya, ban da 30 da 60. Na ɗauki dabarar da masu haɗa sauti suke amfani da ita: ka ɗaga sanda ɗaya sosai ka ji ko ita ce mai ɓarnar, idan ita ce ka mayar da ita ƙasa da tsakiya, idan ba ita ba ce ka maido ta ka wuce. Da na ɗaga 200 sai ɗakin ya yi gum kamar an kifa mana tukunya, na san na kama ɓarawon, na rage shi da desibel 4. Na rage 120 da 3. A 3.2 na sami tsinin da ke karo da baƙaƙen mawaƙi, inda "s" da "ts" suke fita, na rage shi da 2. Abu ɗaya kawai na ƙara, 800 da desibel 3. Ban taɓa murya ba ko kaɗan, amma sai ga jita ta fito sarari tsakanin kalangu da muryar mawaƙi, kowane bugu ana jin farkonsa da ƙarshensa. Baba bai ce komai ba, ya dai ɗaga gira ya ci gaba da kiɗa, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Da suka tsaya shan ruwa na buga sabon saitin ni kaɗai, sai na ji shi a bushe, siriri, kamar rediyon mai shayi. Da a ɗakina na ji wannan sautin da safe, da ban adana shi ba ko da kuɗi.

Gurbi na biyu ma sai da na sake shi. Ina da 'yar fedar da ke sa sauti ya yi gurzu, kuma wurin da aka sa ikwalaiza game da ita yana canja komai. Idan ikwalaiza tana gabanta, ita ke zaɓar abin da zai gurzu, don haka kauri mai yawa yana shiga ya fito a dame kamar kunun da ya yi gudaji. Idan tana bayanta, sai dai ta gyara abin da ya riga ya gurzu, kuma a nan ne ƙarin ƙarfi yake zama ƙarin murya na gaske. Sabuwar ikwalaizata tana da layi biyu, A da B, kuma ana iya sa wata feda a tsakaninsu, sai na sa A ya rage kauri kafin gurzu, B kuma ya sauke 6.4 da 12.8 ya ɗaga fita kaɗan. Sauke na saman ya zama dole saboda kai tsaye nake shiga miksa. Lasifikar amfilifayar jita da kanta take zubar da yawancin abin da ya haura kilohaz 5, manyan lasifikun biki kuwa ba sa zubar da komai, duk ƙaiƙayin suke watsa wa jama'a.

Na kuntigi ne kaɗai ya tsira yadda na zo da shi, kuma dalilin ya ba ni dariya: shi ne wanda na gina da ragi tun farko. Da na taka shi a tsakiyar waƙa ta uku, 'yan amshi suka juyo, Baba ya ce, "To, yau ga gwangwani mai cin batir." Sai dai ya ƙara da cewa in riƙa taƙaita shi, baiti ɗaya ya isa, kada a ce muna yi wa masu abin ba'a. Na karɓi wannan.

A wajen adanawa na yi kuskuren da har yanzu yake ci mini rai kaɗan. Niyyata in sa saitin ɗakin taro a gurbi na huɗu in bar na safe a na ɗaya don kiɗan gida, amma hankalina yana kan mai fiyano da ke tambayata mabuɗin waƙa, sai na danna a kan na ɗaya. Sautin safe ya tafi, ban rubuta lambobinsa ba, abin da na tuna kawai shi ne siffar murmushin. Gurbi na huɗu yana nan fanko, kuma na yanke shawarar haka zai kwana, domin gobe ɗakin zai cika da mata da manyan lafaya da maza da manyan riguna, tufa da jiki kuma suna shanye siririn sauti, don haka ɗakin da muka gwada yau ba shi za mu tarar ba. Wataƙila 3.2 ɗin da na rage sai na maido da rabinsa bayan waƙar farko.

A hanyar dawowa na tsaya na sayi batir AA guda uku, waɗanda fedar ke ɗauka, saboda na lura gurnani ya fi yawa idan ita da miksa suna shan wuta ɗaya daga janareta. Bayan isha'i na ɗauko littafin da nake rubuta waƙoƙi, na kwafe lambobin gurabe ukun a shafin ƙarshe, sanda bayan sanda, na rubuta sunan ɗakin taron a sama, na bar layi goma a ƙasa babu komai. Fedar na naɗe ta a tsohon rawani saboda ƙura, na sa ta cikin jaka tare da wayoyi biyu na ko-ta-kwana. An ce mu isa wurin ƙarfe uku, Baba kuma ya ce shi biyu da rabi zai zo.