Alhamdulillah an sallamo ƙanena, ga godiyata gare ku

Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar anka sallamo mu daga asibiti, kwana 6 cur, yanzu haka da nake rubutun nan yaron shina kwance tsakar gida bisa tabarma Innarmu na mishi fifita, ya sha fura rabin kwano har ya ce a ƙara. Alhamdulillahi Rabbil Alamin. Ni dai na manta rabona da barcin kirki, in kunka ga magana ta hau kan magana ku yi min uzuri.

Ba sai na maimaita abin da ya faru ba, kun bi komai a guruf ɗinmu na masu gudun safe, wasunku ma a gabanku anka yi. Abu ɗaya ne ya ƙi barin idona. Mun taso daga filin Giginya bayan asuba kamar kowace Asabar, munka yi gudunmu har Mabera, munka ajiye gorunan ruwa munka ɗauki shebur da manjagara da baro don mu yashe kwatar nan kafin ruwa ya sauka, don kowa ya san yadda Mabera take komawa in damina ta kankama, ruwa har cikin ɗaki, sauro kuma sai wanda ya gani. Kwatar ta cika da ledar fiya wata da yashi ta daskare kamar siminti. Ƙa'idarmu ƙarfe 9 mun watse, amma ranar nan har 11 ta gota muna ciki, a watan Mayu, a Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Kuma ni ne na ce mu ƙarasa, saura kaɗan. Wannan maganar ita ce na kwana 6 ina taunawa a bakin gadon asibiti.

Sai na ji yaron nan yana min wata magana da ba ta da kai, yana tambayata ko Baba ya dawo daga kasuwa, Baban da ya shekara 4 da rasuwa. Kafin in juyo ya zube. Na taɓa wuyanshi kamar dutsen guga. Wallahi tsaye na yi da shebur a hannu, ni da nake koya wa mutane yadda ake numfashi in ana gudu, ko salati ya ƙi fita bakina.

Gwaggo mai ƙosai ta bakin layin nan ce ta fara motsawa. Tsohuwar da ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinmu ba, da safen nan ma sai da ta yi mana tsiya wai manya da mu muna gudu ba abin da ya biyo mu. Ta bar kaskonta bisa wuta ta taso tana cewa “ku kai shi inuwa, ku tuɓe mai riga, mi kuke kallo!” Ta jawo jarkar ruwan da ta saya da kuɗinta don sana'arta ta juye mishi kusan duka, ta cire mayafinta a gaban maza ta tsoma a sauran ruwan ta lulluɓe mishi ƙirji, ta ɗauki faifan da take fifita wuta tana mishi fifita tana kiran ɗana ɗana. Ƙosan ya ƙone ƙurmus. Gwaggo, na san ba ki Facebook amma jikokinki na yi, su karanta miki. Allah ya sanyaya miki kabarinki yadda kinka sanyaya jikin yaron nan, Allah ya kai ki Makka, Allah ya sa ki sha daga tafkin Alkausara.

Na san ba ku son a ambace ku, kun sha faɗa min aikin Allah ba a mishi shela, to ba zan kira sunan yanka ba amma sai na faɗa. Antinmu nas, ke ce kinka riƙe hannun wanda ya zo zai ɗura mishi ruwa a baki, kinka ce wanda ba ya cikin hayyacinshi ba a ba shi ruwa don huhu zai wuce, kinka sa anka dasa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Mai shagon da ya buɗe firiza ya kwaso ƙanƙarar nan bai tambayi ko sisi ba. Mai Keke Napep da ya sauke fasinjojinshi ya kwashe mu, da ɗan kabu-kabun da ya shiga gaba yana hon yana buɗe mana hanya. Daga baya likita ya ce min sanyayawar da anka fara tun a titi ta taimaka ƙwarai, don bugun zafi irin wanga mintoci ake ƙirgawa, kuma abin da sunka fi jin tsoro ƙoda ce. Kwana biyu fitsarinshi kamar baƙin shayi, ana ta ƙarin ruwa ana ɗibar jini ana kaiwa gwaji, ni kuma aikina kenan leƙen roba ina duba launi. Ranar da ya washe na fita bayan ward na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ƴan guruf kuma me zan ce muku. Kun raba dare tsakaninku kamar masu gadi, kocinmu ya kwana uku bisa benci sauro na cinshi, matan cikinmu kullum da kula ta kunu da tuwo har maƙwabtan gadonmu sun samu, kuɗin da kunka haɗa kafin magariba ta ranar farko shi ya sayi magani da ledojin ruwa. Kuma ranar Lahadi kunka koma da sassafe kunka ƙarasa kwatar nan kunka kwashe sharar da munka bari a bakin titi don kar ta koma ciki. Da na ga hoton sai da na ajiye waya. Allah ya saka muku da Aljannar Firdausi, Allah ya raya muku zuri'a, ya jiƙan iyayenku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, Allah kar ya nuna muku rana irin wadda na gani, in kuma ta zo Allah ya kawo muku mutane irinku.

Dangi da sunka zo mun gode, da waɗanda sunka bugo waya daga Kebbi da Gusau. Waɗanda ke cikin garin nan kuma, daga Arkilla zuwa asibiti ba tafiyar kwana ba ce, amma ba komai, saƙonku na cewa wa ya aike shi yasar kwata ya iso, Inna ma ta ji. Allah ya bar zumunci.

Asabar mai zuwa in sha Allah muna nan, amma ƙarfe 8 da rabi kowa ya ajiye shebur ko an gama ko ba a gama ba, kuma jarka biyu ta ruwa za ta riƙa bin mu a baro har ruwa ya sauka. Ƙanena likita ya ce ya huta tukuna, kar wanda ya zuga shi.

Mayafin Gwaggo yana wurina, shi munka tafi da shi asibiti a jikinshi. Inna ta wanke ta goge ta haɗa da turmin atamfa. Wanda zai raka ni kai mata gobe bayan la'asar ya same ni gida.