Saura ƙiris in mayar da mai lafiyar

Asabar, Makka

Sati uku ke nan Hajiya tana yi mini mitar motar nan. Duk sanda na ɗauko ta daga Harami muka hau tudun rage gudu, wanda mutanen nan ke kira maɗab, sai gaban motar ya yi ta sunkuyawa yana ɗagowa kamar raƙumi zai durƙusa. Ran Alhamis ta kasa haƙuri, ta ce, "Kai, wannan mota ce ko kwalekwale? Bayana ba zai ɗauka ba." Ban yi musu ba. Camry ce ƙirar 2010, ta haura kilomita 200,000, kuma tun da na saye ta a hannu ban taɓa duba ƙafarta ba. In na taka birki ta dungura da hanci, tayoyin gaba kuma sun fara cinyewa tabo-tabo. Ga shi na yi wa yara alkawarin hawa Ɗa'ifa ƙarshen wata. Hanyar Hada kuwa ba a shigarta da mota mai rawa, kwana ce bisa kwana a jikin dutse, har ka kai garin da ke sama da mita 1,800.

Jiya bayan isha na je shagon kayan gyara na sayo shokazoba biyu na gaba. A nan in ka ce shokazoba kallonka kawai za a yi, musa'adat ake cewa, mu 'yan Shara Mansur kuwa duk wanda ya zo baki shi muke faɗa. Mai shagon ya yi mini tambayar da suka saba: asli ko tijari, wato na ainihi ko na kasuwa? Na wakala, wato na dilan kamfanin motar, ya fi ƙarfin aljihuna, na ɗauki na tsakatsaki. Ya ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari, ya miƙo fatura, ya nuna mini rubutun da ke ƙasa da yatsa: abin da aka ɗaura a mota ba ya dawowa.

Wannan maganar ce ta kwana tana ci na. Shi ya sa da safe, ko shayi ban gama sha ba, na shimfiɗa kwali a tsakar gida na fito da su. Kowanne an danne sandarsa an ɗaure da igiyar roba. Na yanke ta farko, sandar ta taso da kanta a hankali. Na kwantar da shi na tokare da bango na tura. Sai ya shige salin-alin, farkon ma ba komai, kamar ka tura hannu cikin buhun da ba kowa, ga wani ƙulu-ƙulu yana tashi a ciki. Na buɗe na biyun. Wannan kam namiji, sai da na sa ƙirji kafin ya motsa, ya tafi rabi ya cije, na ƙara ƙarfi ya wuce.

Nan take na yanke hukunci: na farkon mushe ne, an cuce ni. Na mayar da shi kwali, na ɗauki fatura, har na tsara Larabcin da zan zazzage wa mai shago. Uwargida ce ta ce, "Ka bi ta wajen Baba mana tukuna, ai hanya ce." Na ce to, ba don na ga amfanin hakan ba.

Baba ba mahaifina ba ne, abokin marigayi ne, tare suka taso. Bakanike ne tun yana saurayi a Kano, ya zo nan ya ci gaba, yanzu Larabawa da 'yan Pakistan duk Mu'allim suke ce masa. Na same shi a bakin warsha kan tsohuwar kujerar mota yana kurɓar shayi. Muka gaisa, ya tambayi Hajiya da jiki, sannan na sauke masa ƙarata.

"A kwance ka gwada ko a tsaye?"

"A kwance, Baba."

Bai ce komai ba. Ya karɓi wanda na kira mushe, ya tsayar da shi a ƙasa sanda na kallon sama kamar yadda zai zauna a mota, ya naɗe tsumma a kai, ya danna har ƙasa, ya bari ya taso. Ya maimaita. A na uku ƙulu-ƙulun ya ɗauke. A na biyar ya ce, "Zo ka danna." Na danna. Wallahi kamar an canza shi. Daga sama har ƙasa nauyi ɗaya, sumul, ba rami ba tsalle.

Ya ce irin wannan bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin cike yake da mai, a nan fistin ke kai da komo, na wajen kuma ma'aji ne, mai a ƙasa iskar gas a sama. In kaya ya yi watanni a kwance, daga jirgin ruwa zuwa sito zuwa kanta, iskar sai ta sulale ta shiga inda mai ya kamata ya zauna. Da ka tsayar da shi ka buga sau uku zuwa biyar, kowa ya koma gidansa. Ya ce daga nan kuma kar a sake kwantar da shi har a ɗaura.

Na ce to ai duk da haka bai kai ɗan'uwansa tauri ba, ni kuwa mai tauri nake so, motar ta daina lilo.

Ya yi dariya har sai da ya ajiye kofi. "Ɗana, wa ya gaya maka shi ke ɗauke da motar? Sifirin ne mai ɗaukar kaya. Wannan aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle bayan ya sha duka." Ya ce a jikin fistin akwai 'yan ƙofofi, ta nan ake matsa mai ya wuce, kuma iya saurin turi iya gardamar man. "Sa hannunka cikin randa a hankali, me za ka ji? To mari ruwan da ƙarfi ka gani." Hannun mutum, in ji shi, ba zai taɓa turawa da saurin da rami ke bugo taya ba, don haka duk wanda ya ce ya auna ƙarfin shokazoba da hannu yaudarar kansa yake. Abin da hannu ke iya kamawa shi ne ciwo: wurin da ba nauyi, wurin da ke cijewa, ƙara, ko yoyon mai. Ya kuma sa na fizgo sandar sama da sauri fiye da yadda take tasowa. Nan na ji ya riƙe ni gam, fiye da lokacin dannawa. Ya ce haka ake gina yawancinsu, sauƙi wajen shiga, gardama wajen fita.

Sannan ya ɗauki gwarzon nawa. Ya buga shi sau biyar kamar wancan. Kowane zuwa, daidai tsakiya, sai ya tsaya cak, a dawowa ma ya taso da gargada ya maƙale a wuri guda. Baba ya kama sandar da yatsu yana murzawa a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron rediyo. Ya ce in kawo kwalin. Kusurwa ɗaya a lotse take, jiya da dare ko lura ban yi ba.

"An yar da shi. Sandar ta ɗan tanƙware. Da ka ɗaura wannan, kafin ka sauko daga Ɗa'ifa ya cinye robar bakinsa ya zubar da mai."

Kunya ta kama ni. Wanda na rungumo zan mayar shi ne lafiyayye, wanda na yaba kuma cijewarsa na ɗauka ƙarfi. Da na bi zuciyata, da na je na yi wa bawan Allah hayaniya a kan kaya mai kyau, na dawo na ɗaura gurgun.

Na isa shagon ana kiran azahar, sai da muka yi salla aka buɗe. Ban yi dogon Larabci ba. Na tsayar da shi a kan kanta na ce ya danna da kansa. Ya danna sau biyu, ya juya shi ya duba ramukan kusoshi, ya ga ba alamar sifana, ya shiga ciki ya fito da wani. A gabansa na yanke igiyar na buga sau biyar, na kuma duba harafin da ke jiki, don Baba ya ja mini kunne cewa na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, kunnuwan da ke riƙe tiyon birki kowanne da ɓangarensa. Wani dattijo da ke jiran fitila yana ta kallona, ƙarshe ya tambaye ni ko ni ma mu'allim ne. Na ce a'a, ɗalibin safiyar yau ne.

Aikin ɗaurawa bayan la'asar aka fara, zafi ya ɗan sassauta. Da aka ciro tsofaffin na ga abin da Hajiya ke ji a bayanta. Na dama ya yi baƙi ƙirin, mai da ƙura sun zama laka a jikinsa, da hannu ɗaya na danna shi ya tafi ƙasa ya yi zamansa. Kujerar da ke samansa, wadda suke kira kursi, robarta ta tsage, dole na ƙara kuɗi aka sayo biyu. Ban ji daɗi ba, amma kwancewa sau biyu ta fi tsada.

Wurin matse sifirin ne kawai na ga fuskar Baba ta canza. Ya kori yaron warsha daga gabansa, ni ma ya ce in matsa gefe. Ƙarfen da ke ɗauke da gaban mota ne aka tanƙwashe, in ya kuɓuce ba ya tambayar sunan kowa. Da yaron ya ɗauko filaya zai riƙe sandar don a ɗaure noti, ya daka masa tsawa: ƙarzane ɗaya a jikin sandar nan ya isa ya kashe sabon kaya.

Ina zaune na duba waya don in san me ya sa ake kiran irin wannan ƙafa MacPherson. Ashe sunan wani injiniya ne Ba'amurke, Earle MacPherson, wanda ya yi aiki a General Motors ya koma Ford, ƙirar tasa kuma ta fito a motocin Ford Consul da Zephyr na Ingila a 1950. Dabarar ita ce shokazoba da sifirin su zama ginshiƙi ɗaya mai riƙe taya, yana juyawa tare da sitiyari. Na karanta wa Baba. Ya ce shi bai san mutumin ba, amma ya fi shekara 40 yana wanke hannu saboda shi. Ya ƙara da cewa tunda ginshiƙin ne ke riƙe tayar, in an taɓa shi sai an je an yi mizani, wato an daidaita saitin tayoyin, in ba haka ba sabbin tayoyi ma cinyewa za su yi.

Gab da magariba aka sauke ta daga jak. Na danna gaban da hannu biyu na saki, ta taso ta tsaya, ba ƙari. Na biya, Baba ya cire wani abu ya mayar mini a aljihu ya ce na goron Hajiya ne.

Bayan isha na ɗauko ta kamar kullum. Ban gaya mata komai ba. Muka hau maɗab na farko, na biyu, na uku, tana jan carbinta. Sai da muka shigo layinmu ta ce, "Yau kuma ka koyi tuƙi."

Mai mizani ya rufe kafin in isa, sai gobe in na taso daga aiki. Tayoyin gaba kuma su jira albashi.