Kakar da na fara shiga daji a Minisota

Shekara uku na yi a birnin Miniyapolis da ke jihar Minisota ta Amurka ban san ƙasar da nake zaune a cikinta ba. Na san hanyar wurin aiki, na san masallacin da muke Juma'a, na san shagon 'yan Somaliya da nake sayen naman akuya. Daga nan sai gida. Idan Oktoba ya kama, ganyaye suka rine ja da rawaya, abin da ke zuwar mini a rai kawai shi ne sanyi na tafe, a fito da manyan riguna.

Wanda ya fitar da ni wani dattijon Bature ne da muke aiki tare a masana'anta, ya haura sittin. Baba nake kiransa, da na gaya masa ma'anar kalmar kuma ya ce ya karɓa. Duk farkon Nuwamba sai ya ɗauki hutun mako guda, shi da mutane da dama a sashenmu. A 2019 na tambaye shi ina suke zuwa. Ya ce farautar barewa. Na ce masa ai kakana maharbi ne a ƙasar Ningi, da kwari da baka. Ya dube ni ya ce, "To me kake jira? Je ka yi karatun bindiga, baɗi da kai za mu tafi."

Karatun ba zaɓi ba ne. A Minisota duk wanda aka haifa bayan 1979 ba a sayar masa da lasisin farauta da bindiga sai ya nuna shaidar ya yi kwas ɗin kiyaye haɗarinta, wanda hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, DNR, ke shiryawa. Ɗan'uwa da ke son shiga wannan harka ya fara duba takardunsa na zama. Mai katin zama na dindindin doka ta ba shi damar mallakar bindiga, amma mai bizar karatu ko ta aiki dokar tarayya ta hana shi riƙe ta sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Wannan ba wurin ganganci ba ne.

Farautar da na taso ina gani ta rani ce: gayya, ganga, karnuka, gora da adda, ƙura ta turnuƙe, kowa na ihu. Ta nan shiru ce. Ranar Asabar ta buɗe farauta muka tashi ƙarfe huɗu a wata 'yar bukkar katako arewa da garin Grand Rapids. Na yi alwala da ruwan fulas, na jira alfijir ya keto na yi Asuba a gindin bishiya, sannan na hau. Dandamali ne na ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin bishiya, tsayin kamar gaba biyu da rabi daga ƙasa, mutum ya zauna a kai ya ɗaure kansa da ɗamara. Baba ya hana ni taka tsani sai da ya ga na ɗaura ta, ya ce faɗowa daga bishiya ta nakasa maharba da yawa da ya sani. Bindiga kuma ba a hawa da ita. Sai ka cire harsashi, ka ɗaura mata igiya, in ka zauna ka jawo ta. Kowa sanye da riga da hula masu ruwan goro mai ƙyalli, haka doka ta ce, don ɗan'uwanka maharbi ya hango ka daga nesa. Barewa ba ta bambance wannan launi sosai. Hancinta ne abin tsoro. Shi ya sa kafin a zaɓi bishiya ake duba inda iska ta dosa, a zauna yadda za ta kwashe warin mutum ta kai shi nesa da hanyar da dabbar ke bi.

Shekarar farko ban harbi komai ba. Safar auduga na sa, ƙafata ta yi gumi a tafiya, da na zauna gumin ya zama ƙanƙara. Kafin ƙarfe tara ba na jin yatsuna. Na sauko. Baba ya cire safarsa ta ulu ta ajiya ya ba ni, ya ce auduga ba ta shiga daji da sanyi, kuma in riƙa tafiya da rigar sama a hannu, sai na zauna in sa ta.

Amma a wannan makon na fara karanta dajin. Farkon Nuwamba lokacin barbara ne, mazan barewa na yawo da rana tsaka suna neman mata. Baba ya nuna mini ƙananan bishiyoyin da namiji ya goge da ƙaho har ɓawon ya saluɓe, da inda ya tone ganye da kofato ya yi fitsari a ƙarƙashin reshe. Kakana yakan tsuguna haka a kan sawu ya faɗi dabbar da lokacin da ta wuce. Na tsuguna ni ma, ƙwalla ta cika mini ido.

Shekara ta biyu, rana ta uku, wajen bakwai da rabi na safe, na ji ganye na ƙara a hagu. Taku uku, shiru. Taku biyu, shiru. Namiji ne matashi, ƙahonsa rassa uku kowane gefe, tururi na fita daga hancinsa. Na jira ya ba ni haƙarƙari, na saita bayan kafaɗa inda huhu yake, na ce Bismillahi Allahu Akbar, na danna. Ya zabura ya shige cikin itatuwa. Jikina na rawa ina son sauka, amma an riga an koya mini: a ba shi rabin sa'a. In ka bi shi nan take sai ya tashi ya yi ta gudu har ka rasa shi. Da muka sauka jinin ja ne mai haske da kumfa a kan dusar ƙanƙara, alamar huhu. Muka same shi kwance bai fi taku saba'in ba, da sauran numfashi. Na juya shi gabas na yanka. Baba ya cire hularsa ya tsaya har na gama, bai ce uffan ba.

Daga nan sai aiki. A cike alamar lasisi kafin a ɗaga dabbar, a farke ciki a fitar da kayan ciki nan take don naman ya huce, a kiyaye kada wuƙa ta huda tumbi ko mafitsara, sannan a yi rajista da hukuma ta waya ko intanet cikin awa 48. A wasu yankuna wajibi ne a kai a ɗauki samfur saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewa, CWD. In an ɗauka, kada a ci naman sai sakamako ya fito.

Beyar kuwa, wato babbar dabbar dajin nan mai yawan gashi da farata da Turawa ke kira bear, labarinta daban. Baƙar beyar ce a Minisota, farautarta na buɗewa 1 ga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, kuma a yawancin dajin arewa sai ƙuri'a ta faɗo kanka kake samun lasisi. Mutum kan yi shekaru yana jira. Ba a bin ta da karnuka a nan, ko da yake a Wiskonsin maƙwabciyarmu ana yi. Abinci ake ajiye mata tun tsakiyar Agusta, tsohon burodi da kayan zaƙi da mai, a danne da gungume, abin da haramun ne a yi wa barewa. Shekarar da ƙuri'a ta faɗo kan Baba, gwiwarsa ta matsa masa, ni na riƙa ɗaukar masa bokitai cikin sauro da zafi. Wata yamma na zauna kusa da shi a kan bishiya, sai ga ta. Dabba mai wannan girma, amma ko karan tsinke ban ji ba, kawai gani na yi wurin da babu komai ya zama baƙi. Baba bai ɗaga bindiga ba. Can sai 'ya'ya biyu suka ɓullo a bayanta. Doka ta hana harbin 'ya'yan, shi kuma ya ce bai taɓa harbin uwa mai goyo ba. Bayan kwana huɗu ya samu namiji. Dare muka raba muna fiɗa, domin kitsenta da kaurin fatarta na riƙe zafi, a ɗumin Satumba nama kan lalace cikin 'yan sa'o'i. Ana kuma cire ɗan ƙaramin haƙori a aika wa hukuma don ta gane shekarun dabbar. Masu cin naman sai sun dafa shi ya nuna sarai saboda tsutsar da ke ɓoye a ciki.

Ni ban ci ba. Na gaya wa Baba akwai hadisin da ya hana cin namun daji masu fiƙa, malamai sun yi bayani a kai, ni dai na zaɓi in bari. Ya ce ya fahimta. Tun daga ranar ya ware tukunya ɗaya da kasko ɗaya a bukkar, ya ɗaura musu jan zare, ba a sa naman alade ko na beyar a ciki.

Naman barewa ba shi da kitse, don haka ya dace da kilishi ƙwarai. Rana ce babu a Nuwamba. Maiɗakina ta yanyanka cinyar fale-fale, muka shanya a cikin oven da wuta ƙasa-ƙasa, ƙofar a ɗan buɗe, sannan ta tsoma a labu na gyaɗa da citta da kanumfari da barkono, muka sake gasawa. Na kai masallaci ranar Juma'a, wani dattijo ɗan Maraɗi ya ci ya tambaye ni wa ya zo daga gida. Ragowar na kai wa Baba a wurin aiki. Yajin ya sa shi hawaye, amma bai ajiye ba sai da ya ga bayan takardar.

Babban ɗana ya cika sha ɗaya bana, na sa shi a ajin karatun bindiga. Baba ya riga ya nuna mini bishiyar da za mu ɗaura dandamali mai kujera biyu, a bakin wata fadama inda sawu ya yi yawa.